Makaniken Kakuri da Ya So Bidiyonsa Ya Fito a Sama

An yi wani mutum a Kakuri, makaniken keke napep. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana nan da rai, 'ya'yansa kuma makaranta ɗaya suke zuwa da namu.

Mahaifinsa ya yi aiki a masaƙa har ranar da aka rufe ta. Shi bai gaji komai ba sai hannu mai son ƙarfe. Lokacin da soja suka koma bariki yana koyon sana'a, kafin keke ya cika titunan kudancin Kaduna ya riga ya zama oga, da rumfarsa ta kwano a bayan tsohuwar katangar masaƙa. Ya iya aiki. Daga jin ƙarar inji yakan gaya wa mai keke inda ciwon yake.

Ba mashayi ba ne, ba mai neman mata ba ne. Kowace Lahadi yana coci, a benci na uku. Na faɗi wannan tun da wuri, ya 'yan uwa, don kada wani ya gyara zama ya ce labarin ba nasa ba ne.

A rumfar akwai wani mutum mai suna Wilfred, mai gyaran wayoyin wutar keke, wanda ake kira rewaya. Shekara goma sha ɗaya suna ƙarƙashin kwano ɗaya: wannan ya gyara inji, wancan ya gyara wuta. Idan matar Wilfred, Hadassah, ta aiko da fate daga Narayi, cokali biyu take sakawa. Wilfred ba mai yawan magana ba ne. Yana da 'ya ɗaya, Irene, kuma da sunanta ake kiransa a unguwa.

Da wayoyi masu kamara suka yawaita, mutumin nan ya fara ɗaukar aikinsa a bidiyo yana ɗorawa a intanet. Yadda ake wanke kafireto. Yadda ake gane fulogin da ya mutu. Niyyarsa mai kyau ce, yana son a san shi, kwastomomi su ƙaru. Amma duk lokacin da ya rubuta "gyaran keke napep" a injin bincike, fuskar da ke fitowa a sama ita ce ta Obiora, wani makanike a Sabon Tasha. Nasa bidiyon sai an yi ta gangarawa har yatsa ya gaji.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya san ya fi Obiora iya inji, ko aƙalla haka yake gani.

Wata rana ya danne girman kansa ya tafi Sabon Tasha ya tambaye shi asirin. Obiora ya goge hannu da tsumma ya yi dariya.

"Oga, wane asiri? Abin da direba ya tambaye ni a gareji, shi nake rubutawa a sunan bidiyo. Sai in nuna abin nan take, ban da dogon gaisuwa. Shekara uku ina yi kafin wani ya kula ni."

Mutumin ya yi godiya ya tafi, yana cewa a ransa ɗan kasuwa ba ya nuna wa kowa hanyar abincinsa. Ya 'yan uwa, gaskiya aka faɗa masa. Ta yi masa sauƙi da yawa ne, kuma tana buƙatar haƙuri, shi ya sa bai yarda da ita ba.

Sai ya shiga bin jita-jita. Aka ce masa yawan kalmomi ke ɗaga bidiyo, ya cika ƙasan kowane bidiyo da "keke, keke napep, gyara, Kaduna, Abuja, Legas", har da sunayen ƙungiyoyin ƙwallo. Bai motsa ba. Aka ce ya ɗora abu ɗaya sau da yawa, ya ɗora wankin kafireto sau biyar, sai 'yan kallon nasa ƙalilan suka rarrabu gida biyar. Ya sa matarsa da 'yan uwansa su kunna bidiyon su ajiye waya su ci gaba da harkarsu. Data ta ƙare, Obiora yana nan a sama.

A nan ne ya haɗu da George, mai shagon tura finafinai da waƙoƙi a waya a Sabon Tasha, mutum mai saurin baki wanda kowace tambaya yana da amsarta. A watannin nan satar keke ta yi yawa daga Kakuri har Gonin Gora. Direba zai shiga masallaci ko ya tsaya cin abinci, ya fito ya tarar da fili. Mutane suna cikin fushi da tsoro. George ya karɓi wayar mutumin ya rubuta "ɓarayin keke", ya nuna masa yadda injin ke ƙarasa maganar da kansa saboda yawan masu nema.

"Ka ga abincin inji," in ji George. "Wa ke neman kafireto? Inji ba ya zuwa coci, Oga, kalma yake ci. Suna na inji ne, bidiyo na mutane. Ka rubuta abin da zai jawo su, in sun shiga ai za su ga gaskiya da idonsu."

Wannan ita ce ƙaryar da ta fi duk sauran muni, kuma ita ce ta fi daɗin ji. Suna na inji ne. Wa ke karanta sunan, in ba mutum ba? Inji yana da hannu? Inji yana ɗaukar dutse?

Akwai wani bidiyo da mutumin ya ɗauka wata biyu kafin nan. Wilfred ne a ciki, durƙushe a gaban keke, yana nuna yadda direba zai tayar da kekensa idan makulli ya karye a ciki, don ya samu ya kawo shi gareji. Da ƙyar Wilfred ya yarda aka ɗauke shi, don kunyar kamara yake ji. Minti shida ne. A ƙarshe yana murmushi yana cewa wannan don kekenka ne kaɗai, in ka yi wa na wani, Allah yana kallo.

Mutumin ya buɗe wannan bidiyo ya goge sunansa na da. Ya rubuta: "An gano ɓarawon keke a Kakuri, dubi yadda yake yi." George ya zana jan zobe a kan fuskar Wilfred a hoton da ke fitowa a gaba. Suka yi dariya. Mutumin ya ce idan abu ya tashi zai saya wa Baban Irene lemo ya ba shi labari.

Abu ya tashi. Cikin kwana huɗu, duk wanda ya rubuta "ɓarayin keke Kaduna", fuskar Wilfred ce ke fara fitowa. Mutumin yana kwance ƙarƙashin keke sai ya jawo waya da hannu mai baƙin mai don ya ga adadin masu kallo. Bai taɓa jin irin wannan daɗin ba. Abin da bai duba ba shi ne inda mutane ke tsayawa. Kusan babu wanda ya kai minti ɗaya. Sun karanta suna, sun ga fuska, sun ga yatsu suna haɗa waya, keke ya tashi babu makulli. Ya ishe su. Wani ya yanke wannan rabin mintin ya tura guruf ɗin 'yan keke, daga nan ya bazu waya zuwa waya, babu murmushi, babu gargaɗin ƙarshe.

Ranar Litinin da safe Wilfred ya zo rumfa bai cire rigarsa ta gida ba. Ya tsaya a kan mutumin har ya ɗago.

"Ɗan uwa, mene ne wannan ka rubuta a kaina?"

Mutumin ya yi dariya ya ce dabara ce ta intanet, kowa haka yake yi, duk wanda ya kalla har ƙarshe zai gane.

"Mai shagon layinmu bai kalla har ƙarshe ba. Ya hana Hadassah zama a bencinsa. Cire shi, don Allah."

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan. Ga ƙofar tuba a buɗe, ga waya a hannu, aikin bai fi danna yatsa uku ba. Me ya hana shi? A safiyar nan ne ya ga sauran bidiyoyinsa ma sun fara samun masu leƙawa, kuma George ya gaya masa wai idan ya taɓa suna yanzu inji zai yi fushi ya jefar da shi ƙasa gaba ɗaya. Sai ya dafa kafaɗar abokinsa ya ce ya yi haƙuri zuwa Juma'a. Ranar Juma'a zai gyara, ya rantse.

Wilfred ya dube shi. Ya sa rigar aiki.

Ranar Laraba da hantsi wani tsohon kwastoma ya kira Wilfred daga Gonin Gora. Makulli ya karye masa a bakin titin Abuja, kusa da masu sayar da doya. Wilfred ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi. Da ya isa ya ga akwai wata 'yar waya da ta ƙone, ya aiki mai keken ya tsallaka titi ya sayo. Shi kuma ya durƙusa ya buɗe gaban keken, ya fara zaro wayoyi, shi kaɗai.

A wurin akwai wani direba mai suna Shekari. An sace kekensa sati uku da suka wuce, tun daga ranar gidansa ba a ɗora tukunya sau biyu ba. Kullum yana bincike a waya ko an kama ɓarayin, kuma kullum fuska ɗaya yake gani a cikin jan zobe. Ya ɗago kai ya ga fuskar nan a gabansa, durƙushe, hannu cikin wayoyin keken da ba nasa ba.

Kalma ɗaya ya faɗa da ƙarfi. Kun san ta.

Wilfred bai ma san da shi ake ba sai da katako ya sauka a bayansa. Ya juyo yana ɗaga hannu yana cewa shi rewaya ne, mai keken yana zuwa. Wani ya ɗaga waya sama yana nuna wa jama'a bidiyon, yana cewa ga shi nan, shi ne, ku duba. Aka duba. Aka buge shi da ƙarfen jak a gwiwa ya faɗi. Aka tattake hannayen da yake kare kansa da su har yatsun suka karye. Masu jiran mota suka taho, waɗanda ba su san farkon magana ba, kowa da abin da hannunsa ya samu. Wani ya ɗauko bulo ya sauke masa a kai. Jini ya bi ƙasa ya shiga ƙarƙashin tulin doya, mai doyar tana kuka tana janye kayanta.

Mai keken ya tsallako a guje yana ihu cewa kekensa ne, shi ya kira shi. Aka ce abokin sata ne, aka fasa masa baki. An riga an rataya wa Wilfred taya, wani ya tafi zuƙo fetur, sai motar 'yan sanda ta iso, taro ya watse. Suka ɗora shi a bayan mota. Bai kai asibiti ba.

Duk wannan da rana tsaka, kuma wayoyi fiye da goma suna ɗauka.

Mutumin namu yana rumfa yana cin gyaɗa sai sabon bidiyo ya shigo guruf. An rubuta cewa an gama da ɓarawon Kakuri. Fuskar ba ta ganuwa saboda jini. Rigar aikin ya gane, don tare suka ba tela.

Ya buɗe shafinsa ya goge bidiyon gaba ɗaya. Ya ɗauka abin da ka goge ya tafi. Ya sake rubutawa a injin bincike, sai ga shi nan, a shafukan mutanen da bai taɓa ji ba, kwafi bayan kwafi. Wasu sun haɗa shi da bidiyon dukan. Wani da ya san mamacin ya ƙara suna: Wilfred rewaya, ɓarawon keke. Mutumin ya kira George, waya a kashe.

Washegari da safe 'yan keke suka zo Kakuri, sun fi talatin. A bayan Wilfred a cikin bidiyon ana ganin allon garejin, da suna da lambar waya, mutumin da kansa ya gyara kamara don allon ya fito. Suka ce nan ne maɓoyar. Suka ce a fito da kekunan da aka sace.

Ya fito ya durƙusa a ƙasa ya faɗi gaskiya, gaskiyar da ya hana abokinsa ranar Litinin. Ya ce Wilfred bai taɓa satar ko allura ba. Ya ce shi ya rubuta sunan, ƙarya ce, don bidiyo ya fito a sama ya yi.

Wani a cikinsu ya ce, "To kai ne ogansu ke nan. Kai kake ɗaukarsu kana koya wa sauran."

Suka rufe shi. Da nasa sifana aka karya masa hannun dama, aka maimaita a wuri ɗaya. Aka daki ƙafarsa da ƙarfen shafta har ƙashi ya huda wando. Haƙoransa huɗu suka zube. Wasu suka tuntsurar da galan ɗin fetur suka ƙyasta ashana, rumfar ta kama, da kekuna uku na mutane da ke jiran gyara. Yana kwance wuta tana lasar ƙafarsa, ba ya iya ja da baya. Obiora, wanda ya shigo Kakuri sayen kaya a safiyar, shi da masu shagunan layin suka kutsa suka jawo shi da wuyan riga.

Wata biyu ya yi a asibiti. Hannun ya haɗe a karkace, ba ya iya riƙe sifana. Masu kekunan da suka ƙone suka kai shi ƙara. An kama Shekari da wasu mutum uku, don fuskokinsu sun fito sarai a bidiyon dukan, kuma matar Shekari ta kwashe yara ta koma ƙauye. George ya rufe shago, ba a sake ganinsa a Sabon Tasha ba. Ku ƙirga gidajen da layi ɗaya na rubutu ya rushe.

Da ya iya tsayawa da sanda, dattawan coci suka raka shi Narayi. 'Yan zumuntar mata suna zaune a tsakar gida tare da Hadassah. Ya yar da sanda ya faɗi a gabanta yana kuka yana neman gafara. Kowa yana jiran ta yi ihu ko ta tsine masa.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta miƙa masa wayarta.

"Rubuta sunansa."

Ya rubuta a injin bincike da hannun hagu. Abin da ya fito ya fito.

"Irene ta rubuta shi jiya a wayar ƙawarta," in ji ta. "Gafara kuwa, ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi, ban kai ba tukuna. Amma an ce kai ka iya ɗaga abu sama. To ka ɗaga gaskiyar mijina ta zauna a saman wannan. Abin da nake so ke nan, Baba."

Ya yi alkawari a gaban dattawa. Ya zauna a gaban kamara da bakinsa mai giɓi ya faɗi komai daga farko, bai rage wa kansa laifi ba. Ya sa wa bidiyon suna na gaskiya: Wilfred ba ɓarawo ba ne, ni na yi masa ƙarya. An karanta sanarwa a coci, mutane sun tura wa juna, wasu ma sun yi kuka. Amma wanda ya zauna a Zariya ko Legas ya ga rabin minti na jini ya wuce, ba ya dawowa neman gyara. An kai ƙorafi an sauke wasu kwafin, wasu suka sake ɓullowa. Yau mutumin yana zaune a gaban shagon ƙanin matarsa yana tsaron kaya. Ya tambayi duk wanda ya san intanet a garin nan, kuma babu wanda ya iya yi masa alkawari. Bai sake taka Narayi ba, domin ba shi da abin da zai nuna mata.

Ya 'yan uwa, mene ne zunubin mutumin nan? Bai ɗauki dutse ba. Bai je Gonin Gora ba. Shaidar zur ya yi a kan maƙwabcinsa, kuma ya yi ta ne yana gaya wa kansa cewa ba da mutane yake magana ba. Babu kalmar da ake rubuta wa inji shi kaɗai. Duk abin da ka sa a saman bidiyo, ko a ƙasan hoto, ɗan Adam ne zai karanta, wataƙila mai yunwa, wataƙila mai fushi, kuma ba zai jira minti shida ba.

Ku matasa masu ɗora bidiyo, ba na hana ku. Sana'a ce, kuma neman a san aikinka ba laifi ba ne. Ku kira abu da sunansa. Ku nuna abin da kuka ce za ku nuna. Ku yi haƙuri ya girma a hankali. Wanda ya ce muku akwai gajeriyar hanya ta bayan gida, ku tambaye shi fuskar wa za a sa a cikin zoben.

Idan kuma ɗan uwanka ya zo ya ce maganarka tana cutar da shi, kada ka ce sai Juma'a. Wa ya ba ka Juma'a?

Sauran mu fa, da muke turawa ba mu duba ba? Da muke jin ihu a titi mu ruga da abin da ke hannunmu? Kowane yatsa da ya tura rabin mintin nan ya ɗauki rabonsa. Ni ma na taɓa tura abin da ban tabbatar ba, kuma na san da yawanmu haka ne. Mu tuba tun muna da sauran lokaci.

Ubangiji ya ta'azantar da gwauruwa da marainiya. Ya ji tausayin wanda ya faɗi, ya karɓi tubansa. Ya tsare harshenmu da yatsunmu daga ƙarya, ya tsare hannuwanmu daga jinin marar laifi. Allah ya kiyaye mu, da mu da gidajenmu. Amin.